Mutanen Zauren Bita

Tun da annobar korona ta 2020 ta tilasta wa malaman jami'a sanin Zoom da Moodle, sannan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, malami ba ya rasa takardar gayyata zuwa bitar dabarun koyarwa. Jigon taro yakan sauya, zaure ma yakan sauya, amma mutanen ciki su ne dai ba wasu ba. Ga su nan yadda Allah ya haɗa mu da su.

Akwai Malam Sa-hannu. Tambayarsa ɗaya ce tun daga bakin ƙofa: "Ina takardar rajista?" Da ya rattaba hannu sai ya ɗora jakarsa a kan kujera ta wakilce shi, ba a sake ganinsa sai an ji motsin kuloli. Ƙaninsa shi ne masanin hutun shayi, wanda bai san sunan mai gabatarwa ba, amma zai iya kawo maka tarihin wace bita aka ba da kaza, wacce aka yi rowar madara.

Akwai Dakta sabon dawowa daga Malesiya, wanda kowace magana tasa ke farawa da "a can inda na yi karatu". A can ɗalibai ashirin ne a aji, kowa da kwamfutarsa. A nan an ba shi darasin gama-gari na GST, ɗalibai har kan tagogi, ba lasifika. Muna yi masa uzuri, zangon karatu biyu ya isa ya warke.

Sai ɗan gwagwarmaya. Ko zancen yadda ake tsara tambayar jarrabawa ake yi, sai ya kai mu yarjejeniyar 2009 tsakanin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da gwamnatin tarayya, ya bi ta kan yajin aikin wata takwas na 2022, ya dire a kan farashin buhun shinkafa. Gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba mai iya katse shi.

Shi kuwa mai gabatarwa, an ɗauko shi ne ya koya mana yadda ake barin ɗalibai su yi magana a aji. Sai ya juya mana ƙeya, ya fuskanci allon majigi, ya karanta mana awa biyu cur cewa hankalin mai sauraro ba ya jure doguwar lacca. Ranar da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, ranar muka fara ganin fuskarsa.

Amma gwanina, wanda ko ba alawus zan je bita domin shi, shi ne Farfesa mai tsokaci. Yakan iso bayan an yi nisa, wani ƙaramin malami na biye da shi da jaka, a tashi wani daga layin gaba a ba shi wuri. Yakan lumshe ido har ka rantse ya yi barci. Ana cewa "ko akwai mai tambaya", sai ka ga hannun babbar riga ya ɗaga a hankali. Ya karɓi makirfo, ya bubbuga shi, ya yi gyaran murya, ya ce: "Nawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne, kuma ba zan ja ba." Duk wanda ya san shi, a nan yake gyara zama. Zai fara da gaisuwa, daga shugaban taro har mai ɗaukar hoto. Zai tuna mana shekarar da ya fara koyarwa, lokacin da mai gabatarwa bai shiga firamare ba. Zai ba mu labarin wani Bature da ya koyar da shi, da yadda a da ake ba ɗalibi kaza a ɗakin cin abinci, da wata maƙala da ya gabatar a Ibadan wadda, in ji shi, duk abin da aka faɗa yau yana cikinta. Shugaban zama, wanda tsohon ɗalibinsa ne kuma takardunsa na ƙarin girma na iya biyowa ta teburin Farfesa, sai murmushi yake yana cewa, "Ranka ya daɗe, lokaci." Farfesa ya ce, "Yanzu zan kammala," ya buɗe sabon babi. In ya gama, ya miƙa makirfo, ya tattara rigarsa ya fice, don yana da wani zama a majalisar jami'a. Amsar da za a ba shi, mu muke shan ta.

A aikin rukuni kuma akwai sakataren dole, wato mafi ƙanƙanta a cikinmu. Shi ke riƙe alƙalami, shi ke tunani, shi ke fita gabatarwa, manya su karɓi tafi. A can layin baya, kusa da soket, akwai mai makin takardun jarrabawa a ƙarƙashin teburi, yana gyaɗa kai lokaci-lokaci don a san yana tare da jama'a. Wannan bawan Allah ne mai yawan aiki, bai kamata a matsa masa ba. Kujerar wajen ma tana da daɗin zama ƙwarai.

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne mai tafi. Shi ne kan gaba wajen yabon taro, shi ne na farko a layin karɓar satifiket, don zai yi masa amfani a fayil. An yi masa bayanin matakai shida da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara tun 1956, cewa haddace bayani shi ne mataki na ƙasa, a sama akwai fahimta da aiki da ilimi da nazari. Ya ce madalla. Ranar Litinin ya shiga aji da tsohuwar takardarsa da ta yi jawur, wadda shi ma a wurin malaminsa ya kwafa, ya yi ta shifta har lokaci ya cika. Yarinya ta ɗaga hannu, ya ce ta raina shi. Yaro ya amsa jarrabawa da fahimtarsa, ba kalmomin handawut ba, ya ba shi F. Har alfahari yake a ɗakin malamai cewa a darasinsa ba a cin A, kuma rabin aji sai sun maimaita. Wanda rabin ajinsa ya faɗi, ai shi ne ya faɗi. Cikin ɗaliban nan, wani sai da aka sayar da gona aka biya masa kuɗin rajista, wata da ƙyar aka bar ta ta zo jami'ar.

Don irinsa ake shirya bitar, kuma shi ne bitar ba ta taɓawa, hali zanen dutse. Masu shirya taro su rage buga jaka da biro, su riƙe satifiket ɗin nan tukuna. A bi malami ajinsa bayan wata uku, a zauna a baya a saurara, a tambayi ɗalibansa ba tare da an rubuta sunansu ba. Wanda aka ga canji a wurinsa a ba shi takardarsa. Wanda ba a gani ba, shayin da ya sha ya ishe shi.