A Bar wa Dodon Roba Mutuncinsa

Duk gidan kallon da aka saka tsohon fim ɗin dodanni, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, ba a rasa alƙalai uku a bencin gaba. Na farko ya riga ya gani, shi ke sanar da wanda za a cinye tun dodo bai buɗe baki ba. Na biyu mai ba akta shawara ne, yana daka wa talabijin tsawa: "Kai, ruga, ga shi nan bayanka!" Na uku shi ne babbansu, gwanin gano ƙarya, wanda da zarar Godzilla ya ɗago kai daga teku sai ya ja tsaki: "Wanga dodo na? Mutum na cikin roba!" Sannan ya waiga ya ga ko an yaba wa basirarsa.

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ya makara da shekara 70. Tun 1954 da Ishiro Honda ya shirya fim ɗin a Japan Haruo Nakajima ne cikin rigar, yana tattake gidajen da ba su wuce gwiwarsa ba. King Kong na 1933 kuwa 'yar tsana ce da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka. A ganina darajar waɗannan fina-finan ke nan: ƙaryarsu a fili take, kuma gaskiya ta goyo. Godzilla tsoron makamin nukiliya ne aka ɗinka wa riga, shekara 9 bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki.

Abin dariyar shi ne, wannan gwani da roba ba ta ruɗe shi ba, saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya hana shi barci. A ce masa an ga macijin da ke magana a madatsar ruwan Goronyo, zai tura wa mutum 50 kafin ya tambayi masunci ɗaya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, irinsa ne suka tashi iyali tsakar dare wankan ruwan gishiri, ba wanda ya ja tsaki. Amma a yi gargaɗin ambaliya, wadda mutanen gaɓar Rima suka ga ɓarnarta da idonsu a 2010, sai ya ce surutun ma'aikata ne.

Za a ce fina-finan yanzu sun fi, tunda kwamfuta na ƙera dodon da ba a ganin ɗinkinsa. To ai matsalar ke nan. Hannun da ya iya ɓoye ɗinki a fim shi ke haɗa bidiyon bogin da ke shigowa waya, kuma shi wannan ba ya rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe. Wani kuma zai ce dodanni ba al'adarmu ba ce, alhali da Dodo kakanninmu ke sa yara barci, kuma mai tatsuniya ma kan amsa cewa ƙarya ya shara kafin a watse.

Shawarata ga masu gidajen kallo da masu tura fim a waya: a riƙa saka Godzilla duk mako, a zaunar da gwaninmu gaba. Idan ya gama gano roba, a miƙa masa wayarsa ya ci gaba da aikin, domin can ne ake buƙatar tsakinsa.