Zuwa ga Taubashina na Karkarna, Mai Ɗan Kare

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, labari ya iso mu Kazaure cewa ka sayo wani ɗan kare mai gashi buzu-buzu, irin wanda ake kira Lhasa, kuma yanzu shi ne mai gidan. Wai ko kaskonsa ka dosa sai ya yi maka gurnani, ka ja da baya kana salati. Malamai sun ce ana ajiye kare don gadi, ko kiwo, ko farauta. Naka a wane aji yake? Maharban Roni in suka hango shi cikin duwatsu, zomo za su zata.

An ce har ka yanko tsumagiya. Ajiye ta. Gurnanin nan gargaɗi ne, yana gaya maka ka matsa. In ka doke shi zai daina gurnanin, amma tsoron yana nan daram, gobe sai dai ka ji haƙori a agara ba sallama. Kafin ya kai ga gurnani ma yana nuna alamu, kai ne ba ka kallo: jikinsa ya sandare, kunnuwa su kwanta, ya lashe baki, ya kau da kai yana hararar gefe har farin idonsa ya fito.

Laifin na gidanka ne. Babban kare ba mai sunkutarsa, amma wannan kowane yaro ya wuce sai ya ɗaga shi sama, ya ja masa bindi, ya tashe shi daga barci. Ka tsawata wa yaran. A ajiye masa abinci a lungu, kowa ya bar shi ya ci. In ya ɗauke takalminka kada ka yi kokawa da shi, jefa masa tsokar nama ya saki da kansa. Na san a nan za a sha daru, don ba a taɓa ganin nama ya fita daga hannunka ba. In kuwa da can lafiyayye ne, kwatsam ya zama mafaɗaci, wataƙila ciwo ne a haƙori ko kunne, sai a kai shi wurin likitan dabbobi.

Wannan ban da wasa: ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ya duba girman kare. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi daga wata 3, a riƙa maimaitawa; cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana yin ta. Wanda aka ciza, ko da ƙwarzane ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Ba toka, ba barkono.

Kuɗin shararka na bana suna aljihuna. Ba za ka ga ko sisi ba sai ka kawo mini katin allurar karen nan na gani da idona.