Ayarin Kumano Kodo: Kowa da Irin Tafiyarsa

Shekara dubu ke nan mutanen Japan suna taka hanyoyin Kumano Kodo, a tsaunukan Kii da ke kudu da Osaka, don ziyartar manyan wuraren bautarsu uku: Hongu, Nachi da Hayatama. Tun da UNESCO ta sa hanyoyin cikin kayan tarihi na duniya a 2004, baƙi suka samu wurin zuwa. Ka biya kamfani, ya haɗa ka da jagora da wasu mutane da ba ka taɓa gani ba, ku kwana huɗu ko biyar kuna hawa da gangara. Tun a hawan farko daga Takijiri, inda aka fi soma taka hanyar Nakahechi, haki yake tona asirin kowa.

Wanda za ka fara ganewa shi ne Sarkin Kaya. Sanda biyu, agogo mai auna bugun zuciya, rigar ruwa, da takalmi sabo fil wanda bai taɓa ganin ƙasa ba. Babbar jakarsa mota ce ke kai masa ita masauki na gaba, amma wadda ya goya ta fi ta kowa nauyi. Kafin la'asar ƙafa ta yi bororo, sai ka ji yana tambayar wa ya zo da filasta.

Akwai Maharbin Hatimi. A gefen hanya an kafa 'yan akwatunan katako, kowanne da hatiminsa da matafiyi zai buga a ɗan littafi. Tun 2015 ana ba da takardar shaida ga wanda ya taka wannan hanya ya kuma taka ta Santiago a Sifaniya, to shi wannan takardar ce ta kawo shi. Bai ga itatuwa ba, bai ga kogi ba. In ya tsallake akwati ɗaya, ayari duka zai zauna jiran ya koma.

Amma babban ciwon kan jagora shi ne Malam Na-sani. Ya haddace littafi a jirgi. Jagora na buɗe baki zai riga shi: ai sarki Go-Shirakawa ya yi wannan ziyara fiye da sau 30, ai hankakan nan mai ƙafa uku sunansa Yatagarasu, ai ambaliyar 1889 ce ta sa aka ɗauke wurin bautar Hongu daga Oyunohara, inda yanzu aka kafa ƙofar nan mai tsayin kusan mita 34. Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa. Jagora, da yake ɗan Japan ne mai kara, sai ya rusuna ya yi murmushi. Da dare kuma a masauki, ga Malam Na-sani ya shigo ɗakin cin abinci da silifan banɗaki, wanda a can an keɓe shi ne ga banɗaki kaɗai. Littafin bai kai wannan babi ba.

Sai Saura-nawa. Duk mita 500 akwai turke mai lamba, shi kuwa ƙirgarsu yake kamar sabon mai azumi da ke jiran kiran sallar magariba. Ranar da ya ji cewa akwai wani hawa, Dogiri-zaka, wanda sai an hau tsayin kimanin mita 800, sai gwiwarsa ta tuna da wani tsohon ciwo. Washegari za ku tarar da shi a masauki ya yi wanka, yana yabon motar bas ta Japan da cika lokaci.

Mai Neman Shiru ta zo ne ta huta da surutun duniya, kuma za ta yi maka bayanin hakan tun safe har yamma. Mai Hoto kuwa ta yi hayar tufafin fadar zamanin Heian a Daimonzaka, ta taka matakala goma, sannan ta juya wa ruwan Nachi mai faɗowa daga mita 133 baya don ya fito da kyau a bayanta.

Ni dai Mai Kunya nake tausayi. A Yunomine wanka a ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa shi ne ladan wahalar yini, sai dai a wurin wankan jama'a tsirara ake shiga. Ya leƙa, ya ja da baya, ya sayi ƙwai ya je ya dafa a rijiyar ruwan zafin da ke bakin rafi, yana cewa dama shi yunwa yake ji. Da wani ya gaya masa akwai Tsuboyu, ɗan ɗakin wanka da mutum ke samu shi kaɗai na minti 30, da ya huta.

In kana da niyyar zuwa, tambayi kamfani mutum nawa ne a ayarin kafin ka biya. In sun yi maka yawa, tafi abinka: Nakahechi cike take da alamomi, har da alluna masu gaya maka cewa nan ba Kumano Kodo ba ce, koma baya.