Ranar Al'adu a Aliero: Kowa da Kiɗan da Ya Karɓe Shi

Duk wanda yake zaton sai a makarantun masu kuɗi na Abuja ake tara yara daga wurare daban-daban, to ya je ya tsaya a ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ranar da ɗalibai ke dawowa daga hutu. Jihar Kebbi ita kaɗai ta ishe shi kallo. Masarautu huɗu gare ta, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma a cikinsu akwai Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Dakarkari da Kambari da Dukawa da Gungawa. Ga iyaka da Nijar, ga iyaka da Benin. Sai ka ƙara da 'yan Kudu da neman ilimi ya kawo, da Kanawa da Katsinawa. Tun 2006 da aka kafa jami'ar, Aliero garin albasa yake karɓar wannan taro. Kamar a sauran jami'o'i, ɗalibai kan ware rana guda su ce ta al'adu ce, kowa ya fito da kayan kakanninsa. Ni dai ba kayan nake kallo ba, mutanen da ke cikin kayan nake kallo, domin ƙabila daban, hali daban.

Na farko shi ne Ɗan Gadon Yini Ɗaya. A Kaduna aka haife shi, garinsu kuwa sai a takardar shaidar ƙaramar hukuma. Duk shekara cikin wandon jins yake, amma yau ya aro babbar riga da ta fi shi tsawo, an naɗa masa rawani wanda ke warwarewa duk lokacin da ya juya wuya. Ana saura minti biyar ƙungiyar garinsu ta shiga fili, za ka same shi a bayan rumfa ya toshe kunne ɗaya da yatsa: “Umma, wai rawar nan tamu da wace ƙafa ake farawa?” Idan an shiga, shi ne a gaba, shi ne kuma ya fi kowa tsalle.

Kusa da shi akwai Sarauniyar Hoto. Da safe Bafulatana ce da ƙwarya a ka, ita da ko akuya ba ta taɓa tatsa ba. Da azahar ta koma Bayarabiya, ɗauri ya kai taga. Kafin la'asar ta zama amaryar Barebari. Ba ta ga rawa ko ɗaya ba, domin duk ta juya wa fili baya tana neman haske. Gobe ƙwaryar za ta bayyana a TikTok, mai ita kuwa tana can tana jiran a dawo mata da abarta.

Sai Malam Tarihi, wanda ba a yi masa tambaya sau biyu. Ka ce masa kawai, “Wannan homar ta kamun kifi ce?” Shi ke nan, ka jawo wa kanka. Zai fara daga Kanta, ya gina maka ganuwar Surame dutse bayan dutse, ya faɗa maka yadda Kabi ta gagari maƙwabta, sannan ya gangaro 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi bikin kamun kifi don karrama shi, ya ƙare da 2016 da UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya. Kana shirin godiya sai takwaransa na Gwandu ya iso da Abdullahi ɗan Fodiyo da jerin littattafansa. Daga nan ba da kai ake yi ba. Yaƙin da kakanninsu suka ajiye tuntuni su za su ɗauko, su ci gaba da shi har a naɗe tabarmi, kuma abin mamaki ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya.

Wanda na fi girmamawa shi ne Jakadan Ciki. Shi bai sa kayan kowa ba, don kada a ce ya ɗauki ɓangare. Cokali ne a aljihunsa da baƙar leda. A rumfar 'yan Yawuri, kakarsa ta wajen uwa Bagungiya ce, a zuba masa kifi. A rumfar Yarbawa, an yi goyonsa a Ilori, a ƙara masa amala. A wajen Zabarmawa ya iya “fofo”, kuma ita kaɗai ta ishe shi ya sami dambu da zogale. Wajen 'yan ƙabilar Ibo bai da dangi, sai ya tsaya yana yabon miyar agushi har kunya ta kama mai rabo. Ana yi masa dariya, amma ka tambaye shi bambancin tuwon shinkafar Argungu da na Sakkwato, zai yi maka bayanin da babu shi a jawabin babban baƙo. A duk filin shi kaɗai ne ya ziyarci kowace rumfa.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Taubashin Kowa. Wasan barkwanci yana da ƙa'ida: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe. A Nijar ma abin ya yi ƙarfin da UNESCO ta amince da shi tun 2014. Shi wannan bai san iyaka ba. Duk wanda ya gani da tsoka a kwano bawansa ne tun kaka da kakanni. “Kai bawana, miƙo naman nan!” In ka tambaye shi ta ina, sai ya ce a bar tone-tone.

Akwai kuma Ɗalibin Ƙasar Waje. Mai gabatarwa zai kira shi da babbar murya, a yi tafi, a ce ga baƙonmu daga Jamhuriyar Nijar. Bawan Allah daga Gaya yake, tsallaken Kamba, gidansu ya fi na ɗan Kano kusa nesa ba kusa ba, kuma rabin danginsa 'yan Najeriya ne. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, shi bai ga abin da ya rufu ba, tunda gonar kawunsa rabi tana nan rabi tana can. Baƙuncinsa a lissafi kawai yake fitowa: har yau sai ya mayar da naira sefa a zuci, ya ƙirga dala-dala, sannan ya yanke hukunci ko an cuce shi. Amma butar shayinsa ita ce majalisar ɗakin kwana. Zagaye uku ake yi, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma kafin a kai na uku an sasanta rigimar da shugabannin ƙungiyoyi suka kasa.

Bakano Mai Gyaran Hausa ya zo da tabbacin cewa shi ne mai harshen. Sai ya shiga kasuwar Jega, wadda ta yi suna tun ƙarni na 19, ɗan kasuwa ya dube shi ya ce, “Mi kaka so?” ya tsaya yana zare ido. Wadda za ta cece shi wata 'yar Ibadan ce 'yar aji uku, da ta koyi Hausarta a bakin masu kayan miya: “Baba, wagga albasa nawa ta? Rage mini, ɗiyakka ta.” Baba ya yi dariya ya ƙara mata gyara. Bakano ya biya kuɗi cikakku, ya dawo yana cewa an ɓata Hausa.

Mai Haɗa Kan Ƙasa kuwa ta hanyar aure yake son ya yi aikinsa. Ya ga 'yar Zuru a rawar Uhola, nan take ya fara wa'azin cewa duk ɗaya muke. Sai yayanta, wani mai shiru-shiru wanda gidansu soja ya fi farar hula yawa, ya zaunar da shi ya yi masa bayanin golmo: a al'adar Dakarkari saurayi kan yi wa surukinsa noma shekara da shekaru, har bakwai a da, kafin a ba shi mata. Mutumin da ko shukar wake ta darasin aikin gona sai da ya biya aka yi masa. Tun daga ranar yake kiranta ƙanwata.

Ma'ajin kwamiti ba sai an daɗe a kansa ba. Kafin biki yana ko'ina da littafin karo-karo, bayan biki wayarsa ta faɗa ruwa.

Na bar Ɗan Gida a ƙarshe don shi ba ya cikin jerin masu rawa. Haifaffen Aliero ne, ko Jega, ko Maiyama, kuma bai ga dalilin da zai yi shigar Bahaushe ba alhali da ita ya kwana. Da rani hankalinsa rabi a lacca, rabi a fadamar albasa da farashin buhu. Amma duk abin da ka gani a filin nan daga gidansu ya fito: turmi, taɓarya, tabarmi, faifai, akushi, har jakin da aka yi wa kwalliya. Ɗan Gadon Yini Ɗaya ya yi tsallen da ya wuce ƙa'ida ya gurɗe, shi zai goya shi a babur zuwa wajen masu ɗorin da Aliero ta shahara da su. Ranar hutu 'yan Yawuri da Zuru sun cika mota sun kama hanyar Koko, ta lalace a Maiyama, shi za a kira, ya ce a tambayi gidan gwaggonsa, akwai tuwo. Ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba, kyautar rumfar da ta fi kyau ma wasu aka ba, da kayan gidansu. Washegari da sassafe za ka gan shi yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu, fuska ba walwala: “Don Allah wa ad da ƙwaryar Inna? Ta ce in ban komo da ita ba, kar in komo.”