Masu Guzuri a Layin Bincike

Tafiyar Kano zuwa Legas a jirgin sama ba ta kai awa biyu ba, amma wanda ya ga guzurin da ke layin bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano zai rantse ayarin Gwanja ne zai tashi.

Mai kilishi ba shi da matsala. Busasshen abu ne, ya bi ta na'ura ya fito lafiya, sai ƙamshin yaji da ke raka shi har kujera. Mai wannan rubutu ma ba ya rasa ƙunshi ɗaya, ko da yake kullum cewa yake tsaraba ce.

Gwanar fage ita ce Hajiya mai kuloli uku. 'Yarta ta haihu a Agege, kuma a ganinta duk Legas babu mai iya kaɗa miya. Jami'i ya ce abu mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu, dokar da ta samo asali a 2006 bayan an bankaɗo wani makirci a Ingila. Ina ruwan Hajiya da Ingila? "Ɗan nan, ina ka ga ruwa? Kuka ce, dubi kaurinta!" Ta buɗe murfi, ƙamshin daddawa ya cika zauren, ta ce ya ɗanɗana. Ta tambayi garinsu, nan take ta haɗa dangi da kakarsa. Ya ce ta saka a babban akwati, ta ce wato so yake man shanu ya gama da atamfofinta. Ƙarshe dai tuwo ya wuce, miya ta tsaya, mai jego ta sami gaya.

Mai kunun aya kuwa ba ya asara. A tsaye yake kwankwaɗe gorar, daga baya a gan shi yana zarya tsakanin kujeru.

Wanda ba ya ba da dariya shi ne mai saƙo. Ba ku taɓa haɗuwa ba, sai ya matso da ƙulli a ɗaure: "Don Allah ɗan'uwa, dambu ne, yaro zai karɓa a can." Ka ƙi, ya ce babu zumunci. Alhali jami'an NDLEA sun sha gano ƙwaya a cikin kayan abinci, kuma wanda aka samu da ƙulli shi ake tsarewa. Kada a karɓa, ko da rantsuwa ya haɗa.