Gwangwanin da Bai San Suruki Ba

Da 'yan yatsu uku nake rubutun nan, don sauran biyun har yanzu suna sanye da wata koriyar riga da sabulu ya ce ba da shi ba. Kuma tun da wuri a sani, ban zo neman gafarar kowa ba. In akwai mai laifi a maganar nan, to Jamusawa ne, da suka ƙera kayan aikin da bai san ana gaisuwa a duniya ba.

Ƙofar ɗakin baƙi aka kafa wa firam a sabon gidana, rata ta rage tsakaninsa da bango. Kafinta ya ce a cike ta da kumfar nan ta gwangwani mai kumbura ta sandare. Wani ƙanena da ke shigo da kayan gini ya ce kada in kuskura in sayi gama-gari, domin ita da damshin iska take bushewa, mu kuwa muna tsakiyar hunturu, iskar Kano ko leɓe ba ta bari da damshi balle kumfa. Ya miƙo mini wata 'yar Jamus, ya ce wannan da maganinta take tafe.

Gwangwani ne a cikin gwangwani. Babban yana ɗauke da sinadarin kumfar da iskar gas mai tunkuɗo shi. Daga ciki kuma, can gindi, akwai wani ɗan mazubi a rufe ruf, ɗauke da sinadarin da ke sandarar da kumfar, an sa masa launi. Muddin ba su ga juna ba, sai su yi watanni a kan kanta lafiya lau. Akwai wata 'yar roba mai juyawa a ƙasan gwangwanin. Ka murɗa ta, ƙaramin ya buɗe, ka kifa kan gwangwanin ƙasa ka jijjiga sau ashirin zuwa talatin har launin ya game. Daga nan abin da ya rage maka bai wuce minti biyar ba. Haɗuwar sinadaran zafi take haifarwa, in ka bar su a ciki gwangwani ya ɗau zafi, kumfa ta fara kamawa tun ba ta fito ba, kuma yana iya fashewa. Wannan na ƙarshen, ƙanena ya faɗe shi ne yana tayar da babur, da irin muryar da ake cewa a gaida gida.

Na murɗa. Na ji ƙas. Na jijjiga har kafaɗata ta amsa. Na ɗora ɗan bututun a bakin ratar ke nan sai aka yi sallama a zaure.

Baba ne, mahaifin matata. Daga ƙauye, ba waya ba saƙo, ya zo ganin sabon gida, cikin farar babbar rigarsa ta shadda wadda ba ya fito da ita sai Sallah ko ɗaurin aure.

Na san akwai masu cewa ai sai in ce masa ya ɗan jira. Waɗannan ko dai ba su yi aure ba, ko kuma auren bai daɗe ba. Otto Bayer, Bajamushen da ya jagoranci gano foliyuritan, sinadarin wannan kumfa, a 1937, sinadarin da yau da danginsa ake yin soson katifa da abin da ke cikin bangon firiji, ya lissafa komai amma bai lissafa surukin Bahaushe ba. Mutumin da in ya shigo layi kake cire takalmi tun daga nesa, shi za ka ce wa ana aiki?

Na fito zaure na tsuguna, gwangwani a hannun hagu, na ɓoye shi a bayana.

"Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya hanya?"

"Hanya alhamdulillahi. Ya sanyi?"

Sanyi! A lokacin gwangwanin ya fara ɗumi a tafina. Na ce lokacinsa ne. Ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da wadda ke goye, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta, ya yi mini ta'aziyyar wani kawuna da ni kaina na manta ya rasu. Baba ba ya gaggawar gaisuwa. Tsakanin kowace tambaya da 'yar uwarta yakan ce "madalla", ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa. Ni kuwa ina ta canja wa gwangwani yatsu a baya, ɗumi ya koma zafi, ina jin wani abu yana motsi a ciki.

Na buɗe baki zan ce bari in kawo ruwa, in samu in sulale, sai ya ce, "To, tun da Allah Ya nufa an shigo sabon gida, bari mu yi wa gidan addu'a."

Ya ɗaga hannu biyu. Ya rufe ido.

Hannu biyu ake ɗagawa. Ba a taɓa jin inda suruki ya yi addu'a, mijin 'yarsa ya amsa da hannu ɗaya ba. Na zaro gwangwanin a hankali, na cusa shi tsakanin gwiwoyina, kansa a ƙasa, bututun ya lanƙwaso yana kallon gaba, na matse, na ɗaga hannuwana. Zafin ya ratsa wando. Na ƙara matsewa don kada ya faɗi. Ashe kunamar gwangwanin tana jingine da ƙwaurina.

Fuuuu.

Na ga fitarta da idona. Koriya shar, launi ɗaya, ba dabbare-dabbare, shaidar cewa na iya jijjiga. Ta yi tsalle ta ƙetare tabarma ta sauka a tafin hannuwan Baba guda biyu, daidai tsakiya, inda ko awo aka yi ba za a fi haka ba. Sannan ta fara tashi kamar ƙullin wainar da ya kwana. Ta cika tafi, ta haura yatsu, wata ta ɗiga a kan aikin wuyan rigar.

Baba bai buɗe ido ba. Girarsa dai ta ɗan motsa. Daga baya ya gaya wa 'yarsa wai ya ɗauka tantabara ce, kuma shi bai ga dalilin da tantabara za ta katse masa addu'a ba. Ya ci gaba da roƙa wa gida albarka da zuriya ɗayyiba da kariya daga sharrin abin da ke fitowa ba zato. Ni ina cewa amin, ina kallon tsiro yana girma a hannunsa, ina kuma sane da abin da kowane Musulmi yake yi da tafin hannunsa idan an idar.

Nan ne wurin. Tun da abin ya faru, in na rufe ido nan nake komawa. Muryarsa ta yi ƙasa, alamar an zo ƙarshe. Hannuwan nan biyu suka fara tashi zuwa fuska, a hankali, da natsuwar dattijo. Tsakanin kumfa da idon surukina bai fi taƙi ɗaya ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwa, ni da in ya miƙo hannu sai in kama gwiwar hannuna in sunkuyar da kai, na daka tsalle daga tsugune na cafke shi.

Hannun dama na samu. Na so in kama wuyan hannun, santsi ya kwashe ni, tafina ya faɗa cikin tafinsa, kumfa ta fito ta tsakanin yatsunmu tana wata 'yar ƙara. Na hagun ya kuɓuce mini. Ya tafi abinsa ya cika aikin da aka aike shi, ya sauka a gefen gemu.

Sai Baba ya buɗe ido. Ya ga mijin 'yarsa a durƙushe a kan rigarsa, hanci kusa da hanci, riƙe da hannunsa gam. Ya dubi hannun. Ya dube ni. Ya ce, "Amin."

Matata ta ce ita daga bayan labule abin da ta gani shi ne na kai wa ubanta kokawa. Wannan ruwaya ita ce ta fi yaɗuwa a dangi.

A nan Alhaji ya shigo. Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai benci a ƙofar gida, wanda tun da na san shi ban taɓa jin an ambaci wani abu ya ce bai sani ba. Ya tsaya a kanmu, ya harɗe hannu a baya, ya sunkuya ya shinshina.

"Kada wanda ya motsa," ya ce. "Na san wannan. A bar shi ya bushe, da kansa zai ɓare."

A lokacin kumfar ɗanya ce, da na ja hannuna da mun rabu. Na fara ja. Baba ya ce, "Ka ji abin da Alhaji ya ce." Dattijo ya yi magana, dattijo ya gaskata, yaro kuma sai ya zauna. Muka zauna.

Alhaji ya aika yaro ya kawo buta, ya tsiyaya mana ruwa a hannu wai don ya yi laushi. Ruwa kuwa abincin wannan kumfa ne, shi ne ma abin da gama-garin take nema a iska ta rasa. Nan take bayanta ya yi ɓawo. Ya ce madalla, ga shi ya fara. Ya ce a kawo toka. Ya ce a kawo manja. Ya ce a zamaninsu in baƙin mai ya kama hannu a loko, da yashi da kananzir suke fitar da shi, amma kananzir na yanzu ba shi da ƙarfi tun da aka daina na gwamnati.

Sannan ya ɗauki gwangwanin, ya ce kai, ya yar, ya sake ɗauka da bakin riga. Ya nisanta shi da ido ya karanta Jamusancin da ke jiki, leɓensa na motsi. Ya ce Faransanci ne, ya taɓa kwana a Maraɗi. Ya ce an rubuta a ajiye shi a rana iskar ta fita. Abu ɗaya da ni da shi za mu iya karantawa a jikin gwangwanin shi ne lamba 50 da 'yar alamar zafi a gefenta, wato kada ya kai nan. Na nuna masa da haɓa. Ya ce wannan kuɗinsa ne a can.

Matata ce ta fito, ba ta ce da kowa uffan ba, ta naɗe hannu da gefen zani, ta karɓe gwangwanin ta matse sauran cikin wani tsohon kwali har ya daina tari. Ƙofar ɗakin baƙi ko ɗigo ba ta samu ba.

Na kira ƙanena da hannun da ya rage mini. Ya ce in kumfar ba ta bushe ba, asiton na cire ta daga tufafi, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Na tambayi matata. Ta ce ita 'yar lalle ce, kuma na sani. Na ce masa in ta bushe fa? Ya yi shiru, sannan ya ce sai wuƙa, ta jikin fata kuma sai haƙuri, za ta bi tsohuwar fata ta fita. Ya tambaya wa ta kama. Na faɗa masa. Na ji ya kira wani ya zo ya ji.

Haka muka zauna hannu cikin hannu, ni da Baba, kumfa tana ɗumi tana ƙara tauri, kowa ya sami bangon da yake kallo. Da shirun ya yi yawa sai ya ce, "Ya aiki?" Na ce da godiya. Ya ce madalla.

Wanzami ne ya raba mu. Ya bi tsakanin tafukan da aska a hankali, yana cije leɓe, kafaɗunsa na rawa. Da ya zo kan gemu ya tsaya ya dubi Baba. Alhaji ya ce kada a taɓa, a shafa man shanu a kwana da shi, in ya so gobe a gani. Baba ya ɗan yi nazari, ya ce da wanzamin ya rage daidai abin da ya zama dole, sannan ya rage ɗaya gefen don su zo ɗaya. Rigar kuwa, Alhaji ya duba ta a haske ya ce in aka samu mai hannu ya ƙara irin koren a ɗaya kafaɗar, ba wanda zai ce ba aiki ba ne.

Alhaji yana fita ya juyo daga dokin ƙofa, ya ce in mun gama da gwangwanin a aika masa, zai huda shi da ƙusa ya yi aci-balbal.