Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Amon Yankara

Ranka ya daɗe ɗan kawu, Sarkin Amon Yankara da kewaye, mai farar Hilux wadda ƙura ba ta san launinta ba. Daga nesa nake gaisuwa, irin ta talaka, don an ce yanzu duk mai shiga falonka sai ya cire takalmi tun daga zaure, ya riƙa ɗaga ƙafa a hankali kada ya taka waya.

Labarin kayan ya riga kayan isowa. Tun motar da ta ɗauko su daga kasuwar Alaba ta Legas ba ta wuce Mairuwa ba, 'yan tashar Sheme sun san kwali nawa ne. Sifiku biyu na JBL da suka kai kafaɗar mutum, da amfilifaya Marantz mai nauyin da sai da ƙarti biyu suka kama, da wani guntun akwati mai ƙaton ciki wanda ba shi da aiki sai girgiza kwanon rufi da kwallayen Hajiya. Har da wayoyi masu bakin ruwan zinariya, waɗanda mai shagon ya rantse maka cewa sauti ya fi son bi ta cikinsu. Ka yarda, ka biya. Kai da ba a taɓa cin ribar tiya ɗaya a hannunka ba a kasuwar Dandume, yau ga shi an sayar maka da waya a farashin rago.

Na san inda kuɗin suka fito, kowa ma ya sani. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake dubu. Dala da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, mu kuwa ba mu jira hukuma ta faɗa mana ba, mai awo ya riga ya faɗa. A wannan lokacin da magidanta ke raba tiyar masara gida biyu, kai sitonka cike yake da wadda ka saya da kaka tana arha. Ka riƙe ta har damina ta yi tsaka, ka sake ta a farashin da ko kai sai da ka sake lissafi. Ba na hassada, ciniki ne. Malamai dai suna da 'yar magana a kan mai ajiye abinci yana jiran ya yi tsada, ka tambayi limamin unguwarku, in har za ka ji amsarsa a cikin wannan ƙara.

To, mu zo kan abin da ake ji. Na tambayi yaran gidanka wane irin kiɗa ne ya cancanci wannan hidima, suka ce Shata. Madalla. Ba mai ja da wannan zaɓi a ƙasar Karaɗuwa, inda Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa a Funtua shekara da shekaru kafin ya rasu a 1999. Amma ɗan kawu, wane Shatan ne a hannunka? Wanda aka ɗauka a filin wasa da rakoda, mutane na tafi, jaki na kuka a bayan fage. Daga nan aka kwafe shi daga kaset zuwa kaset har zaren ya gaji, wani yaro mai shagon caji ya juye shi a kwamfuta, ya matse shi don ya shiga memori, aka tura wa wani ta WhatsApp, shi ma ya tura, har ya faɗo wayarka. Faifan CD yana ɗauke da sauti kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, irin matsattsen da ake tura wa mutane a kasuwa yawanci 128 ne, wato an zubar da wajen kashi goma cikin sha ɗaya tun kafin a zo kanka. Abin da aka zubar kuwa ba amfilifayar da za ta dawo da shi, ko daga Japan aka kawo ta da mai kunna ta. Abin da kayanka suka iya shi ne su fito da abin da aka ba su tsaf. Saboda haka yanzu duk faɗin Faskari ba wanda ya kai ka jin shuuu ɗin tsohon kaset da kyau. Kukan jakin nan ma, an ce, kamar a tsakar gidanka yake.

Sai kuma kunnen da za a ji da shi. Likitocin kunne sun ce yaro mai lafiya yana jin amo daga motsi 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma saman nan yana zaizayewa da shekaru, ƙara mai yawa tana gaggauta shi. Kai ka ba hamsin baya, kuma ƙuruciyarka kaf a gindin injin niƙan kawu ka yi ta. Mu da muka tashi tare mun san sai an kira ka sau biyu kake waiwayowa, in kuma maganar bashi ce sai sau huɗu. Siraran muryoyin da ka biya miliyoyi don su, jikokinka ne ke jin su, su da karen maƙwabta.

Wuta kuma fa? Na ji yadda aka yi. Da aka ga ba kullum ake samunta ba, kuma in ta zo ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan basamude, sai aka tayar da janareto. Janareto ya fi Shata murya. Aka kai shi bayan gida, Hajiya ta ce hayaƙi na shiga ɗakinta. Aka koma sola, aka sayi faranti da inbata da batura, kuɗinsu ya kusa kamo na kayan kiɗan. Yanzu in za a kunna amfilifaya sai an zare firjin da Hajiya ke ƙanƙarar zoɓo da kunun aya, wato an kashe abin da ke shigo da kuɗi don a kunna abin da ke fitar da su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma kai har da guga ka haɗo mata.

Duk wannan wasa ne. Ga inda dariyata ke tsayawa a maƙoshi.

Kai da ni mun san ƙasar da muke ciki. Mun ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mun ga ƙarshen Agustan 2021 da Gwamna Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da dabbobi a kasuwanninmu, aka hana sayar da mai a jarka, sannan aka katse layin waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu har wata da watanni, mutum sai ya yi tafiya kafin ya gaisa da ɗansa da ke Kaduna. Gwamna Radda ya kafa askarawansa a Oktoban 2023, a 2025 aka yi ta zaman sulhu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, Allah ya sa ya ɗore. Amma darasin da shekarun nan suka koya wa mai abin hannu a tsakanin Sheme da Tsafe bai goge ba: ka sa tsohuwar riga, ka yi ta kukan babu, ko rago za ka yanka ka yanka shi a ɓoye, don ba ka san wanda ke ƙirga maka buhu yana kai labari daji ba. Attajirai nawa ne suka kwashe iyali suka koma Funtua da Zariya da Katsina saboda wannan? A irin wannan gari ne ɗan kawuna ya ga ya dace ya sayi na'urar da aka ƙera musamman don a ji ta daga nesa.

Na san kai ma ka farga, don an ce tun daren farko da tagogin maƙwabta suka amsa, goggo ta aiko a faɗa maka in kana neman suna ne ka bari ta mutu tukuna. Tun ranar ake rufe tagogi, a saki labule, a murɗa abin zuwa lamba biyu cikin ɗari. Wani dare ma, in ji majiyata, an same ka zaune tsakanin sifikun nan biyu kana sauraro da 'yar wayar kunne irin ta bakin tasha.

Motar ma haka. Hilux sabuwa dal, ledar kujeru ba a cire ba, kuma ba za a cire ba har sai ta narke da kanta. Tankinta lita 80 yake sha. A lokacin da lita ta kai dubu, cika shi sau ɗaya ya fi mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, wanda ma'aikaci zai yi wata yana jira. Ranar da ka fara shigowa da ita gari yara suka watse, wasu suka ce sojoji ne, wasu suka ce shugaban ƙaramar hukuma ne, wani tsoho har ya miƙo takardar koke ta taga. Kwana kaɗan aka mayar da ita Funtua gidan surukai, aka lulluɓe da tamfol. Yanzu kai ne ke zuwa gaishe ta. Ka wanke ta, ka tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, ka zagaya da ita cikin gari, a ɗauke ka hoto kana riƙe da sitiyari, sannan ka sa tsohuwar rigarka ka shiga Golf ta haya, ku huɗu a baya, biyu a gaba, akuya a but, ka dawo Yankara. Ranar da aka ce a ɗora mata buhun masara biyu kuwa cewa ka yi za a kankare fenti, aka kira mai kura.

Ka tuna Fijo 404 ta kawu, a-kori-kura, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975? Ta kai auduga Funtua, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko gawa, ta ciyar da gidanku da namu. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Rediyonsa kuma mai batir uku ne, amma in ya ajiye shi a dakali lokacin labaran BBC ko zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, rabin unguwa ke taruwa. Naka ya fi nasa tsada sau dubu, mai sauraro ɗaya gare shi, shi ma a tsorace.

Na san amsarka, don ka faɗa wa wanda ya faɗa mini. Ka ce naira narkewa take yi a aljihu, gara a mayar da ita kadara. A nan kam ba zan yi maka dariya sosai ba, don maganar tana da ƙashi. Wanda ya sayi mota a farkon 2023 ya sayar a 2024 ya ga ribar takarda. Kuma wuraren da kakanninmu ke ajiye dukiya duk an taɓa su: shanu a kore su dare ɗaya, gona mai nisa ba ta nomuwa sai da izinin wasu, rumbu a cinna masa wuta. Hatsin ma da ya ɗaga ka ya juya baya, tun da gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama a 2024, farashi ya faɗo a 2025, taki kuwa ya ƙi saukowa, manomi na sayar da buhu biyu bai sayi ɗaya ba. Mutum ya rasa inda zai sa kuɗinsa ya yi barci. Na yarda. Amma fili a Funtua ba ya shan mai, ba ya neman sabis, ba a canza masa taya. Amfilifaya kuwa, ranar da ka tashi sayarwa, wa zai saya tsakanin Sabuwa da Ƙanƙara? Mai kiɗan biki zai ce ba ta da ƙarar da yake so, masallaci zai ce a ba shi sadaka.

Ka kuma ce ai 'yan majalisar tarayya ma sun sayi manyan motoci a ƙarshen 2023, ana tsakiyar kuka, kowace ɗaya aka ce ta kai wajen naira miliyan 160, suka ce hanyoyin mazaɓunsu ne ba kyau. Gaskiya ne. Sai dai su ba daga sitonsu kuɗin suka fito ba, kuma suna tafe da 'yan sanda gaba da baya. Kai rakiyarka Ayatul Kursiyyu ce da yaron shago.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Cika-ciki ya wuce, kuɗin sharata ba su iso ba, na bara ma haka. Da na aika, cewa ka yi a faɗa wa ɗan goggo abubuwa sun yi tsada. Ban yi fushi ba, na rubuta a littafi. Damina na tafe, za ka nemi taki, kuma na san abin da ya rage a sito. Idan lokacin ya yi kada ka wahalar da kanka neman dillali a Kano. Sifikun biyu zan karɓa a buhu uku na yuriya, a cire kuɗin shara na shekara biyu, a kawo mini su gida da dare a cikin buhun gawayi. Guntun mai girgiza kwano ka bar wa Hajiya ta riƙa ɗora tulu. Wayoyin zinariya ka riƙe abinka, akuyata tana da igiya. Hilux kuwa ba zan saya ba, amma ɗiyata za ta tare bayan Sallah, gidan mijin a Funtua yake, unguwa ɗaya da inda motar ke kwana. Ka zo da mai a tanki, kuma a cire ledar kujerar baya, goggo ta ce santsi take mata.